Sallama Uku a Ƙofar Gilashi

Watan da aka buɗe sabon kantin nan na sha wuya. Ɗaukar kwali kaɗai ya ishe ni, har yau ƙuguna bai yafe mani ba. Amma abin da ya fi ci mani rai shi ne mutum ya shekara ashirin da bakwai yana tsaron shago a gaba, fuskarsa ce ake fara gani, a wayi gari a ce wurinsa yana can ƙurya cikin sito, shi da ɓeraye.

Ni ban yi boko ba. Allo na yi, shi ma ban yi nisa ba. Ina saurayi Alhaji ya ɗauke ni tsaron shagonsa da ke bakin kasuwar Gummi. Atamfa muke sayarwa da kwanuka da tire da fitila da sabulu da turare, da duk tarkacen da ake jera wa amarya a ɗaki. Shagon ɗaki ɗaya ne mai duhu, in ka shigo daga rana sai ka tsaya idonka ya washe. Warin sabulu da na sabon yadi sun kama bango. Ko da dare aka ce in ɗauko abu zan ɗauko ba fitila, don hannuna ya san inda komai yake.

A ƙofar shagon akwai benci. Ni na yi shi da hannuna a shekarata ta biyu, da katakon maɗaci da wani ya ba Alhaji. Ban iya kafinta ba, sai ƙafa ɗaya ta fito gajera. Muka nemo wani dutse mai faɗi muka tokare ta, dutsen nan ya zauna a wurin fiye da shekara ashirin. Duk cinikin da muka yi a kan bencin nan muka yi shi. Mutum zai zo ya yi sallama, in amsa, in ce ya zauna. In ɗebo masa ruwa a randa. Mu gaisa, in tambayi gida da yara da yadda ruwa ya yi a wajensu, in mai shanu ne in tambayi garke. Sai bayan an gama wannan duka zai ce, to, ga abin da ya kawo ni. Ni zan shiga in fito da kayan, in baza masa a kan benci cikin rana ya ga launi da idonsa. Matan Fulani a ƙarƙashinsa suke ajiye ƙoren nono su shiga kasuwa. Mutanen Bukkuyum a kansa suke jiran mota ta cika. Wani ya bar saƙo, wani ya bar buhu, wani ya bar akuya ɗaure a ƙafarsa ya ce yanzu zai dawo, sai bayan azahar. Alhaji yana gefe yana fasa goro yana rarrabawa, ba ya cewa kowa ya tashi.

Da Alhaji ya tsufa ƙafafu suka hana shi fita, sai ɗansa ya dawo daga karatu ya karɓi komai. Yaron kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. A kan bencin nan ya koyi zama, ni nake riƙe shi kada ya faɗo, shi ya sa har yau Baba yake ce mani. Ya yi gini a bakin titin da ya nufi Anka, bene mai shaguna jere sama da ƙasa. Shi filaza yake ce masa, mutanen gari suna cewa benen ɗan Alhaji. Babban ɗakin da ke ƙasa ya mayar kanti, ya kwashe kayan tsohon shago ya ƙara da wasu, ya kulle tsohon.

Ya ɗauko wani mutum daga Kaduna wanda aikinsa kawai ya tsara cikin ɗaki. Da takarda ya zo mai zane, kowane abu da inda za a sa shi. Ƙasa aka shimfiɗa farin tayil, kana ganin fuskarka a ciki. Sama fitilu ƙanana barkatai, suna ci da rana tsaka. Kantoci na ƙarfe layi-layi, kowane kaya da kuɗinsa manne a jiki. Ga na'urar sanyi tana huci. Gaba ɗaya gaban kantin gilashi ne, ƙofar ma gilashi mai kauri, in ta rufe ko ganga ake kaɗawa a waje ba ka ji. Daga ciki kusa da ƙofa aka tsayar da mutum-mutumi, aka sa masa shadda da hula. Masu karɓar kuɗi kuma aka kai su can ciki, bayan layin kantoci, kowa da na'ura a gabansa.

Na duba zanen nan sama da ƙasa ranar da aka baza shi a kan mota. Ban iya karatu ba amma na iya ganin wurin zama, kuma babu shi.

Ana gobe za a buɗe, ɗan Alhaji ya ja ni gefe. Ya ce, "Baba, nan aikin na'ura ne, ba zan wahalar da kai ba. Ka taimaka mana a sito zuwa ƙarshen wata. Daga nan ka huta, ka yi mana abin da ya isa."

Na ce to. Me zan ce? Hutun da mutum bai roƙa ba kowa ya san sunansa. Ina da iyali, gonar da na gada ba ta ciyar da mu wata huɗu, kuma ban san wata sana'a ba sai wannan. Kwana talatin ke nan aka ba ni.

Ɗan Alhaji ya ajiye tebur a bakin ƙofa da babban littafi da biro, wai duk wanda ya shigo ya rubuta yadda ya ga tsarin wurin. Kullum da yamma sai ya buɗe ya duba. Littafin nan bai ci shafi ɗaya ba. Ra'ayi kam mutane suna da shi, har ya yi yawa, amma ni suke kawo wa. A masallaci, a teburin mai shayi, a kan hanya in ina komawa gida.

Mahaucin unguwarmu ne ya fara. Ya ce, "Wurin ga ya yi kyau, ba ƙarya. Amma ni ina shiga sai nij ji kamar na zo ganin likita. Har na hwara laluben jikina in ji mi ka yi mani ciwo."

Wani tsoho mai gyaran keke ya ajiye kofinsa ya ce, "Ni wanda kunka aje bakin ƙofa nika tambaya. Ɗan wa na? Ga shadda, ga hula, ba ladabi. Na gaishe shi ko kallona bai yi ba."

Mai shayi ya ce, "Surukinka na, Baba. Kunya yaka ji."

Aka kwashe da dariya. Da aka gaya masa roba ce, sai ya ce to ai gara da bai amsa ba, da ya amsa da ba a ƙara ganinsa a unguwar ba.

Sai maganar takalma. Mutum zai zo ya ga farin tayil yana sheƙi, ya dubi ƙafarsa, sai ya tuɓe takalmi a waje kamar zai shiga masallaci ko ɗakin surukarsa. Ranar kasuwa takalma suka taru a ƙofa, wani ya fito ya rasa nasa, aka yi ta cacar baki. Ɗan Alhaji ya sa aka rubuta a takarda cewa kada a cire takalmi, aka manna a gilashi. Waɗanda suke iya karanta takardar dama ba su ne masu cirewa ba.

Akwai wani Bafulatani daga wajen Gwashi, mun daɗe tare, batir da gishiri da igiya yake saya a wurinmu. Na gamu da shi a kasuwar shanu, ya ce, "Kai Kaɗo, mi kunka yi haka? Na shiga, wata yarinya ta ce in ɗauki kwando in zaɓi abin da nika so. In ɗauki kayan mutum da hannuna, mai shi bai miƙo mani ba? A rugarmu wannan suna gare shi."

Na ce, "Ai biya za ka yi a can ciki."

Ya ce, "To kahin in kai can cikin, mi ni ke?"



Wata mata kuma ta sayi atamfa tana ganin shuɗiya ce a ƙarƙashin fitilun nan. Tana fitowa rana ta ga kore. Ta dawo tana faɗa, aka ce mata an riga an buga a na'ura. A tsohon shago wannan bai taɓa faruwa ba, don rana ce fitilarmu.

Ba kowa ne ya kushe ba. Samari da 'yan mata sun so wurin ƙwarai, su shigo su sha sanyi, su ɗauki hoto a jikin kantoci, su sayi lemo ɗaya su fita su biyar. Wata malamar makaranta, 'yar maƙwabcinmu, ta tare ni ta ce, "Baba, kada ka ji haushi, ni nan ya fi mani. Bencin nan naku ya hana mu sakewa. Maza shida zaune, kafin ki isa gida gari ya san irin sabulun da kike wanka da shi." Na ji zafin maganar, amma gaskiya ta faɗa. Na sha ganin mace ta zo ta ga bencin cike, ta wuce kamar ba wurinmu ta nufa ba. Kuma ni kaina, in na leƙo daga sito da safe kafin kowa ya zo, fitilu na ci, kaya a jere kamar sojoji, sai in ce lallai yaron nan ya yi abu mai kyau. Ubansa bai taɓa mafarkin irinsa ba.

Duk waɗannan maganganu ban kai wa ɗan Alhaji ko ɗaya ba. Littafi ya tambaya, bai tambaye ni ba. Na ce littafin ya gaya masa.

Saura kwana uku wata ya ƙare, ranar kasuwa ce, aka aike ni tasha in karɓo kaya da suka zo daga Sakkwato. Ina tsaye ana sauke kwalaye sai na hango wata tsohuwa zaune a kan ƙullin kayanta, tana jiran motar Bukkuyum. Na gane ta tun daga nesa. 'Yar Yargalma ce, Inna nake ce mata. Duk 'ya'yanta mata a shagonmu ta haɗa masu kayan ɗaki, tire ɗaya yau, kwano biyu bayan girbi, har su cika. Shekarar da gubar dalma ta shiga garinsu ta ɗauke mata jikoki, ta zo ta zauna a kan bencin nan tun hantsi har azahar, ba ta sayi komai ba. Alhaji ya ce a bar ta. Ruwa kawai nake ɗebo mata. Da ta tashi tafiya ta ce ta ji sauƙi.

Na ƙarasa na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗago ta kalle ni, ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Kai na? Ashe kana da rai?"

Na ce, "Inna, wa yac ce maki na mutu?"

Ta ce, "Ba wanda yac ce. Na tahi tsohon shago na iske kwaɗo. Anka nuna mani wancan na gilashi. Na tsaya bakin ƙofa na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Na yi ta ukku. Ga wani tsaye ciki da shadda shina kallona, ko bakinai bai motsa ba. Nic ce, in da ɗan nan na raye, da tun ta hwari ya amsa. Sai na yi maka addu'a na juyo."

Na ce, "Ina ciki, Inna. Ina can baya."

"Baya ina? Mi kaka yi baya?"

"Ɗaukar kwali."

Ta gyara zama a kan ƙullinta. Sannan ta ce, "To, addu'ata ba ta tahi banza ba."

Na ce ta taso mu koma, ni da kaina zan buɗe mata ƙofa. Ta buga ƙullin da take zaune a kai, na ji ƙarar tire. Ta riga ta saya a wani wuri, jikarta ce za a kai ɗaki bayan Sallah. Ta ce ko ba haka ba ba za ta iya ba, mota ta kusa cika, kuma hanyar yanzu ba a bari la'asar ta yi wa mutum a kanta. Na ɗora mata kayan, na tsaya har motar ta fita daga tasha.

Na kai kwalayen sito na jera. Da aka yi la'asar na wuce gidan Alhaji, abin da na yi kusan wata ban yi ba saboda fushi. Na same shi a zaure, an ɗora masa ƙafafu a kan matashi. Ya ce, "Ka tuna da mu?" Na ce aiki ne. Ya ce, "Ƙarya kaka yi, zauna."

Na zauna na zazzage masa komai, tun daga mahauci har Bafulatani. Da na zo kan mai gyaran keke da surukinsa na roba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa. Da na zo kan Inna bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ka gaya ma yaron?"

Na ce, "Bai tambaye ni ba."

Ya ce, "Kai ma ka tsuhwa. Ka hwara hushi irin namu."

Na ce, "Alhaji, saura kwana ukku ya sallame ni. Ka yi mashi magana."

Ya girgiza kai. "Shago na ba shi, kuma na ce ban sa baki. In na sa yau, gobe ba ya iya tsayawa da ƙahwatai." Ya ɗauki carbi yana murzawa. Har na fara neman takalmina sai ya ce, "Amma benci ban ba shi ba. Ba ni da ikon ba shi. Wa yas sassaƙa shi?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "To shina can gindin darbejiya, awaki na hawa. In ba ka so, mata na neman iccen girki."

Na leƙa na gan shi. Kashin awaki ya rufe shi, kaji sun yi masa nasu. Na girgiza shi na ji ko'ina daram, sai gajeriyar ƙafar nan da take lilo kamar yadda na san ta.

Washegari ina fitowa daga sallar asuba na ari baro wurin mai sayar da ruwa. Na wanke bencin da toka da soso har jan maɗacin ya fito, na ɗora shi a baro na turo. Na bi ta bakin kasuwa da gangan. Tsohon shago na nan da kwaɗonsa, ciyawa ta fara fitowa a bakin ƙofa. Dutsen na nan inda muka bar shi, rabinsa ya nutse a ƙasa. Na tono shi da hannu na sa a aljihu. Mai shayi ya hango ni ya ɗaga murya, "Ina za ka kai gawa da sahen ga?" Na ce gidanta.

Na sauke shi a waje, daidai gefen ƙofar gilashi, na tokare ƙafar. Na ajiye tulun ruwa da moɗa a ƙarƙashi. Na zauna. A gaban farin ginin nan bencin ya yi kama da baƙauye a gidan biki, ni ma na gani.

Da hantsi ɗan Alhaji ya iso da mota. Ya fito ya tsaya, makulli a hannu, yana duban bencin yana dubana.

Ya ce, "Baba, wannan fa ba ya cikin zane."

Na ce, "Ni ma ba ni ciki."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani dattijo ya sauko daga kan babur da buhu a kafaɗa, da ganinsa daga ƙauye yake. Ya zo bakin ƙofa ya fara zare takalmi, ya yi sallama yana fuskantar gilashi.

Na ce, "Wa alaikumus salam. Maraba, Malam. Bar takalminka a ƙahwa, zo ka zauna ka sha ruwa."

Ya juyo da sauri, fuskarsa ta saki. Ya zauna, ya sha, muka gaisa. Daga wajen Anka yake. Na tambayi gero, ya ce an gode Allah, wake ne tsutsa ta taɓa. Can ya ce fitila yake nema mai caji da rana, makon jiya ma ya zo ya yi sallama ba kowa. Na tashi na tura masa ƙofa, na shiga gaba, na ɗauko iri biyu na fito da su waje ya duba. Ya zaɓi ɗaya, na raka shi har wurin masu na'ura. Buhunsa ya bari a ƙarƙashin benci, bai ko tambaya ba.

Da na fito ɗan Alhaji na nan tsaye inda na bar shi. Ya dubi buhun, ya dubi teburin littafinsa ta cikin gilashi.

Ya ce, "Sito fa?"

Na ce, "Ka nemi mai sauran ƙugu."

Ya sosa ƙeya, irin yadda yake yi tun yana ƙarami in an kama shi da sukari a baki. Ya kama ƙofa zai shiga, sai ya waiwayo ya ce, "Matsar da shi hagu kaɗan, ƙofa za ta riƙa bugunsa. Zan sa a kafa maka rumfa kafin zafi ya shigo."

Na ja bencin hagu, na mayar da dutsen ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, na danna na ji ya zauna. Na ƙara ruwa a moɗa na rufe, don na hango wasu mata biyu da ƙore a ka sun tsallako titi.